Na Nawa Kawu Ya Sa Ni?

Ituna, 14 ga Oktoba, 1996

Yaya Orest,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, in ma ta same ka, tunda an ce ba ka kwana biyu a gari ɗaya. Kada ka tsaya jujjuya ambulan kana neman wace ce. Halya ce, jikar Olena, ƙanwar kakarka Paraska. Rabona da kai tun jana'izar mijina Myron, shekara huɗu ke nan, ranar da ka share mana rabin tiren pirohi, naɗin fulawar nan namu mai dankali a ciki, kana cewa baƙin ciki ne ya buɗe maka ciki.

Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke tsami in sanyi ya doso, kuma ya doso. An gama yankan alkama. Ina nan a gidan tsofaffi ina dafa musu abinci, suna ci suna kushewa.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba, maganar ɗana Levko ce. Shekararsa sha tara yanzu, mai tsaron baya ne a wasa, kuma tun yana sha shida ya bar gida ya tafi buga hoki na kan ƙanƙara a ƙungiyar matasa ta Elk Narrows. Yana zaune a gidan wata Madam Lindgren da ke riƙe yaran ƙungiyar. Bara a ranar zaɓen sababbin 'yan wasa babbar ƙungiyar nan ta gabas ta kira sunansa a zagaye na shida. Ka fi ni sanin ƙa'ida: in ɗaya ga Yuni mai zuwa ta wuce ba su ba shi kwantiragi ba, sun sake shi ke nan.

Kowace Fabrairu mujallarku tana fitar da jerin nan naka, ƙungiyoyi ashirin da shida, daga wadda ta fi tara yara masu tasowa har zuwa ta can ƙasa, kowace da sunaye goma a ƙarƙashinta. A na bana ka sa mutanen gabas na sha huɗu, ka sa ɗana na tara cikin yaransu. Na tara, Yaya! A tsaye na karanta a gidan waya, sai da na dafa bango. An ce mini uku ko huɗu na sama kaɗai ake kira a sa hannu.

Yaron nan ba shi da komai sai ƙanƙara. Makaranta rabi da rabi ya yi ta. Gonar ta tafi bayan Myron, har da filin da ubansa yake malala wa ruwa da asuba a bayan rumbu ya daskare, hannuwansa duk sun tsattsage, don yaro ya sami inda zai koyi gudu. In suka sake shi ban san abin da zai dawo ya tarar ba, sai ni da ɗakuna biyu.

Ban ce ka yi ƙarya ba. Ka zo ka gan shi da idonka, sannan ka tuna jinin wa ke jikinsa.

Ƙanwarka,
Halya

Brandon, 3 ga Nuwamba

Halya ƙanwata,

Na sami takardarki, ta bi ni gari uku kafin ta kama ni. Na ji daɗin jin lafiyarku. Gwiwa kuwa gadonmu ce, haka Paraska ta yi ta fama da ita. Ni lafiyata ƙalau, in aka cire baya, da wannan kan nawa da ba ya riƙe komai sai na rubuta a littafi. Maganar tire ki gyara, ya fi rabi, kuma har yau ban yi nadama ba.

Yanzu ki saurara. Jerin nan ba da son rai ake yin sa ba. Wasa kusan ɗari biyu nake kallo a shekara, ina daskarewa a kusurwar fili da gahawa mai ɗanɗanon ruwan wanki a hannu. Sannan in bi mafarauta, masu nemo wa manyan ƙungiyoyi yara, ɗaya bayan ɗaya a waya, kowa yana yabon nasa yana ɓata na wani, ni kuma in tace. Ƙungiya tana hawa ko ta sauka ne gwargwadon yaranta uku na sama, sauran cikon layi ne. Manajoji duk suna rantsuwa ba sa karantawa, amma ranar da mujalla ta fito wayata ba ta hutawa da zagi. Duk ranar da aka gane na ɗaga wani don jinina ne, ranar aikina ya ƙare.

Na san ɗan wa ne sa'ad da na sa shi na tara. Yana da gudu, yana da basira, amma a lokacin yana tsoron kusurwa, in ƙatti suka taho sai ya saki ƙwallo da wuri. In ya canza zan gani.

Zan zo Elk Narrows wasan ranar Lahadi da rana, takwas ga Disamba. In kin zo kada ki ɗaga mini hannu, kada ki aiko mini da abinci. A fili ba mu da dangi.

Yayanki,
Orest

Ituna, 10 ga Disamba

Yaya Orest,

Ina gaishe ka don an koya mini gaisuwa, ba don raina yana so ba. Lafiyata ƙalau, in kana tambaya.

Awa biyar na yi ina tuƙi a kan hanya mai santsi. Na gan ka can sama a kusurwa cikin masu baƙaƙen riguna, kun jeru kamar hankaki a kan waya. Ban ɗaga hannu ba. Saura minti shida a tashi wani ɗan gaba ya zagaye Levko ta hagu ya jefa ƙwallo a raga, ina juyowa sai na ga ka rufe littafinka ka miƙe ka fita. Kuskure ɗaya, Yaya! Sa'a biyu yaro yana tare musu hanya, kuskure ɗaya kake jira ka tashi?

Kuma ka ce yana tsoron kusurwa. Na karanta masa wannan layin a waya ranar da takardarka ta zo. A wasan da ya biyo baya ya shiga kusurwa da wani ƙato da ya kusa biyunsa, kansa ya bugi katanga, ya faɗi sumamme. Madam Lindgren ta ce filin ya yi tsit. Aka shaƙa masa abin nan mai yaji a hanci, ya farfaɗo, ya zauna minti biyar, ya koma ciki. Ko wasa ɗaya bai rasa ba tun daga ranar. Kocinsu ya nuna shi a gaban yara duka ya ce, "Ku kalli wannan, haka namiji yake." Wannan ne matsoracin naka?

Ya ma daina shiriritar yara. Madam Lindgren ta ce ba ya kallon talabijin, ba ya fita yawo da sauran, daga atisaye sai ɗaki, ya ja labule ya kwanta. Abincinsa ma a ɗaki yake ci, fitila a kashe. Ta ce ba ta taɓa riƙe yaro mai natsuwa irinsa ba.

Bayan wasa na jira shi a bakin ƙofa. Na ce, "Kawunka ya zo." Ya ce, "Wane kawu?" Na ce, "Kai dalla, Orest mana, ba jiya muka yi maganarsa ba?" Ya yi dariya ya ce gajiya ce. Ban gaya masa ka fita ba, ba zan iya ba.

Ka faɗa mini gaskiya, ka riga ka soke shi?

Halya

Moose Jaw, 18 ga Disamba

Halya,

Gaisuwa, da fatan kin isa gida lafiya a kan wannan hanya. Ni ina nan, mura ce kawai.

Fitar da na yi ba hukunci ba ce. Dukanmu haka muke yi, saura minti biyar ko shida mu tashi, don mu riga cunkoson motoci mu kama hanyar gari na gaba. Shekara talatin ina wannan aiki, ban san yadda wasa yake ƙarewa ba. Da kin duba da kyau da kin ga duk hankakin tare suka tashi.

Amma ran nan ban nufi mota ba. Na sauka ƙasa na tsaya a lungun da yara ke bi zuwa ɗakin canza kaya, don tun farkon wasa na ga abin da bai yi mini ba. Levko ya fi na bara nesa ba kusa ba, a yau ya fi duk yaran gabas in ban da ɗaya, wato yaran da ƙungiyar ta zaɓa. Sai dai duk abin da ya taho masa ta hagu a makare yake ganinsa. In yana kan benci sai ya sunkuyar da kai ya kare ido da safar hannu. Da aka tashi ya wuce ta gabana yana bin bango da kafaɗa.

Sai ga takardarki ta ƙarasa mini labarin. Halya, labule da duhun nan ba natsuwa ba ce. Ƙwaƙwalwarsa ce ta bugu ba ta warke ba. Haske yana soka masa ido, ƙara tana sara masa kai. Na sani don na yi. Ina da shekara ashirin da biyu na sha irin wannan bugu, na ɓoye, na sake shan wani a kai. Kin ɗauka littafin da nake yawo da shi na sunayen yara ne kawai? A shafin farko har da lambar gidana da sunan 'yata.

Layin nan na kusurwa ni na rubuta shi, kuma da na san za ki karanta masa da ban rubuta ba.

In ya zo hutun Kirsimeti ki kai shi wurin likita a Regina, ba likitan ƙungiya ba. Ya ajiye sandar wasa har kaka mai zuwa. Bugu na biyu a kan wanda bai warke ba, shi ne yake kashe mutum, ko ya bar shi da rai amma ba shi ba.

Yayanki,
Orest

Ituna, 8 ga Janairu, 1997

Yaya,

Barka da Kirsimeti, jiya muka yi tamu ta tsohuwar kalanda. Allah ya sa ka sami inda ka ci abinci mai zafi, ya kuma raba ka da murar.

Na karanta takardarka sau uku. Layi ɗaya na riƙe: ya fi duk yaran gabas in ban da ɗaya. Kai ka rubuta, ba ni ba.

Levko ya zo ya yi kwana huɗu ya koma. Na zaunar da shi na tambaye shi. Ya ce, "Mama, wa yake zuga ki? Lafiyata ƙalau. Kowa a ƙungiyarmu kansa yana ciwo, har mai wasa mana ƙarafen takalman ƙanƙara." Na ce likita fa? Ya ce, "In na taka ƙofar likita yau, gobe labari ya kai gabas. Kin taɓa jin an sa hannu da yaron da aka ce kansa ya taɓu?" Gaskiya ne bai je coci ba, ya ce ƙararrawa da waƙa sun yi masa yawa. Amma ya ci, ya yi barci, ya kwashe mini dusar ƙanƙarar ƙofar gida.

Myron ya buga wasan ƙarshe na gunduma da karyayyen muƙamuƙi, an ɗaure masa haƙora da waya. Babana ya yi nasa da yatsu biyu a karye. Har yau hotunansu suna rataye a filin garin nan. Haka muka taso, kai ma haka ka taso. Yau kuma ka ce ɗana shi kaɗai zai zauna a gefe, a shekarar da ake duba shi?

Ai ba abu ne mai nisa ba. Wasanni su ƙare a Maris, ya sa hannu, sannan in kai shi Regina da kaina, ya kwanta a duhu duk lokacin zafi in ya so.

Ina roƙonka abu biyu, gwiwoyina a ƙasa, har da mai tsamin. Kada ka faɗa wa kowa abin da ka gani a lungun nan. Kuma ka sa shi inda ka ce ya kai. Ba ƙarya na ce ka yi ba, gaskiyar da ta fito daga bakinka ce. In ka cire sunansa ko ka bar shi can ƙasa, mafarautanka za su tambayi dalili, shi ke nan ka binne shi da hannunka. Ko da Myron ya mutu ban roƙi danginmu komai ba. Wannan ne roƙona na farko.

Ƙanwarka,
Halya

Ituna, 27 ga Janairu

Yaya Orest,

Gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa ka shiru. Kusan mako uku ke nan kullum ina gidan waya, har matar da ke rabon wasiƙu ta fara girgiza mini kai tun daga taga. Na san goma ga Fabrairu kuke kai wa maɗaba'a. Abinci ba ya shiga cikina, jiya sau biyu na zuba wa tsofaffi gishiri a miya. In ka yanke shawarar kashe mu ne ka faɗa mini in sani, ko da layi ɗaya.

Halya

Winnipeg, 7 ga Fabrairu

Halya,

Ina gaishe ki, ki kuma yafe mini shirun. Jikina lafiya, hankalina ne ba kwance ba. Takardunki biyu suna aljihuna.

Sau biyu na rubuta jerin. A ɗaya babu sunansa, gabas ta tsaya ta sha huɗu. A ɗayan yana na biyu, gabas ta hau ta takwas. Na kasa zaɓa, sai na karya dokata, na koma Elk Narrows na ɗauke shi cin abincin rana. Ya zaɓi teburin da ya fi nisa da taga, ya ba ta baya.

Na ce, "Kai yaro, ni za ka ɓoye wa? Ranar Talata da wa kuka buga?"

Ya ce, "Mun dai ci."

Na ce, "An cinye ku uku da ɗaya, ina wurin."

Ya yi murmushi irin na Myron, ya ce, "To Kawu, ka ga amfanin abin ke nan, ba na kwana da baƙin ciki."

Na buga tebur. Na gaya masa duk abin da na gaya miki, na ƙara da wanda ban gaya miki ba: yadda na taɓa tsayawa a tsakiyar kanti riƙe da hannun 'yata na manta unguwar da muke zaune, da yadda uwarta ta gaji ta ɗauke ta suka tafi. Ya saurara har na kai aya. Sannan ya ce, "Kawu, wasa nawa ka buga a babbar gasa?"

Na ce, "Sha ɗaya."

Ya ce, "Wannan kam ba ka duba littafi ba."

Gaskiyarsa ce, ban duba ba.

Ya ce, "In aka ce ka mayar da sha ɗayan nan a ba ka kanka garau, ka mayar?"

Halya, na buɗe baki in ce na mayar. Shekara talatin da biyar ina gaya wa kaina haka. Maganar ta ƙi fita. Ya dube ni ya ce, "To ka bar ni in sami nawa, ko ɗaya ne."

Na aika na biyun, wanda yake na biyu a ciki. Babu ƙarya ko ɗaya a shafin, kuma ban taɓa jin kunyar kaina irin ta yau ba.

Ki san abin da zai biyo baya. Yaron da sunansa ya hau, duk ƙaton da ke neman a san shi, shi zai nema. Koci zai ƙara masa lokaci a fili don a ce shi ya gina shi. Na sa ya yi mini alkawari ɗaya: duk ranar da ya tashi da amai, ko yana ganin abu biyu-biyu, ba zai sa takalmin wasa ba. Ki riƙe shi a kan wannan. Maganarki kaɗai yake ji.

Orest

Ituna, 25 ga Fabrairu

Yaya na kaina,

Gaisuwa, da godiyar da takarda ba za ta ɗauka ba. Lafiya muke, gwiwar ma ta yi sauƙi don murna. Ta fito! Ihu na yi a gidan waya, kunya ta tafi. Matan coci sun yanke shafin sun liƙa a bangon kicin inda muke naɗe pirohi, Fada ma ya ambace shi bayan addu'a. Levko ya ninke nasa ya sa a aljihun riga.

Wani Doucette, mataimakin manajan gabas, ya kira koci. Zai zo da kansa wasan Lahadi, tara ga Maris, kuma in ya ga abin da yake so magana ta ƙare. Zan zo. Kai ma ka zo, ba zan ɗaga maka hannu ba, in kuma ka fita saura minti shida ba zan yi fushi ba, yanzu na waye. Tire guda na daskarar maka a firji, naka kai kaɗai.

Ƙanwarka,
Halya

12 ga Maris

Halya,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Ina tambayar lafiyarki, ina kuma tambaya ko ya buɗe ido.

Zan gaya miki inda nake a lokacin, don na san kin ɗaga kai kin neme ni. Ban taɓa ganin ya yi wasa irin na ran nan ba. Saura minti shida, suna gaba da ci biyar da ɗaya, Doucette ya rufe littafinsa ya ce mini, "Tsoho, wannan karon ba ka shirga mana ba. Ranar Litinin zan aiko da takardu." Ya miƙe, sauran suka miƙe, ni ma ƙafafuna suka miƙe da kansu. Ni kaɗai a cikinsu na san halin da kan yaron yake ciki. Da ma na sauka na raɗa wa koci cewa an gama, ya zaunar da shi, taku ashirin ne kawai. Wannan tunani bai zo mini ba sai a mota.

A rediyo na ji. Saura minti uku, a kusurwar hagu, wani ƙato ya haɗa shi da katanga. Mai sharhi ya yi ta cewa, "Bai tashi ba, har yanzu bai tashi ba." Na juya motar, na bi ku har asibiti. Na hango ki ta gilashin ƙofa kina riƙe da hannunsa, na kasa turawa. Yau kwana uku ina zaune a baranda, in kin fito sai in juya baya. Wannan takarda zan bar ta a hannun wata nas.

Doucette ya kira jiya. Ya ce za su jira su gani. Na san ma'anar wannan a bakinmu, ke ma yanzu kin sani.

Ni na sa sunan. Ki zage ni, ki yi duk abin da za ki yi, amma ki rubuto mini.

Orest

Ituna, 2 ga Yuni

Yaya Orest,

Gaisuwa. Na daɗe ban amsa ba. Takardunka biyar suna kan firji, na karanta su duka. Jikina da sauƙi, na koma aiki rabin wuni. Jiya ɗaya ga Yuni. Na zauna kusa da waya tun safe har rana ta faɗi, ban san me ya sa ba. Ba ta yi ƙara ba.

Levko yana gida tun Afrilu. Yana tafiya, yana ci da kansa, hannun hagun ne bai gama dawowa ba. Ya san ni, ya san sunan ubansa, ya san duk wasan da ya buga yana ɗan shekara goma. Abin da ya faru jiya ne ba ya kwana a kansa. Likita ya ce wataƙila a sami ci gaba, wataƙila iyakar ke nan.

Ka ce in zage ka. Bari in gaya maka abin da ko Fada ban gaya wa ba. Da safen ran nan na je gidan Madam Lindgren, na same shi a banɗaki yana amai. Ya ɗago ya ce, "Mama, ke biyu nake gani." Sannan ya ce, "Na yi wa Kawu alkawari." Shi ya tuna, Yaya, da wannan kan nasa shi ya tuna. Ni ce na jiƙa tawul na goge masa fuska, na ba shi ƙwaya biyu, na ce, "Wasa ɗaya ne, ɗana. Mutumin nan tun daga gabas ya taso." Ni na ɗauki jakarsa na kai mota. Da na ga hankakinku sun tashi saura minti shida har tafi na yi, na ce mun tsallake. To ka ga ba kai kaɗai ba ne. Kada ka cinye laifin duka kamar tiren nan, ka bar mini rabona.

Ka ce za ka ajiye aikin. Kada ka ajiye. Ka koma kusurwarka, ka riƙa zama har a tashi. In ka ga yaro yana kare ido da safar hannu, ka rubuta, ka faɗa da ƙarfi. Uwarsa za ta aiko maka takarda, za ta tuna maka kakarka, za ta durƙusa. Kada ka saurare ta.

Shafin yana nan, a aljihun rigarsa aka same shi. Ba ya iya karantawa, ya ce baƙaƙen iyo suke yi. Kowace safiya in ya farka sai ya tambaye ni ko mujallar Fabrairu ta fito. In ce ta fito. Ya ce, "Na nawa Kawu ya sa ni?" In ce na biyu. Sai fuskarsa ta washe kamar ranar farko, ya ce, "Kai! To ai sun kusa kira ke nan." Sau biyu na gwada gaya masa sauran labarin, ya wuni yana kuka, washegari ya sake tambaya. Yanzu a na biyun nake tsayawa.

Ka zo in ka sami hanya, wannan karon ka turo ƙofar. Bari in ajiye alƙalami haka, na ji ya tashi, yana kirana daga ɗaki.

Ƙanwarka,
Halya